Godiya ga Ofishin Kula da Kayan Tarihi na Kilwa, Tanzaniya

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe Shugaban Ofishi, bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne a bainar jama'a saboda abin da ma'aikatanka suka yi wa mahaifina bai kamata ya tsaya a bakinmu mu kaɗai ba.

Baba tsohon malamin tarihi ne. Ya daɗe yana koya wa ɗalibai cewa Ibn Battuta, wanda ya zo Takedda ta ƙasar Nijar a 1353 har ya ambaci Gobir, ya riga ya sauka Kilwa a 1331 ya yabi kyan birnin. Burinsa ya ga wurin da idonsa, ga shi gwiwoyi sun fara gazawa.

Da muka iso Kilwa Masoko, garin da ake tsallakawa zuwa tsibirin Kilwa daga shi, daga Darussalam, jami'inku ya ba mu takardar izini da rasit, babu ja-in-ja. Sai ya dubi sandar Baba ya ce mu dakata ruwa ya cika tukuna, don kwale-kwale ya matso gaɓa sosai, kada tsoho ya taka laka. Wallahi mu ba mu san da wannan ba.

Tsibirin Kilwa Kisiwani shiru, babu mota, babu hayaniya. Masunta na gyaran taru, awaki na kiwo a gindin kukoki irin namu na gida, itatuwa sun tsiro cikin ruwan gishiri. Jagoran da kuka haɗa mu da shi ɗan tsibirin ne, kuma da takun Baba ya yi tafiya. Ya bi da mu ta Gereza, ganuwar bakin teku, yana ba mu labarin yadda Turawan Fotugal suka ci garin a 1505.

A Babban Masallaci ne Baba ya zubar da hawaye. Ya shafa bangon dutsen murjani, ya ɗaga kai yana ƙirga ƙubbobi, jagora kuwa ya ja da baya ya yi shiru har ya gama addu'a. Husuni Kubwa, fadar Sarki Hasan ɗan Sulaiman, tana da nisa ga mai sanda, sai yaron nan ya riƙe masa hannu har bakin wurin wanka mai kusurwa takwas. Nan ya bayyana mana yadda a da zinariyar Zimbabuwe ke biyowa ta tashar jiragen ruwa ta Sofala, ita ta gina duk wannan.

Wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1981, ya shiga jerin masu fuskantar haɗari a 2004, ya fita a 2014. Mun ga bangayen da aka ɗinke, mun san hannu ne ya yi aiki.

Don Allah a isar da gaisuwar Baba ga jagoran da mai kwale-kwale. Allah Ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani baƙonku daga Sakkwato, Najeriya