Auta, kafin ka hau hanyar Abzin

Auta,

Bayan gaisuwa. A bakin yayarka na ji, ba a bakinka ba, wai kai da 'yan ajinku za ku Abzin, can arewa da Agadas, hawan dutse a hutun nan. To. Ban ce kada ka je ba. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar albasa daga Agadas zuwa Damagaram ba shi da bakin hana ɗansa ganin ƙasar.

Je ka gani. Ka sha lemun Timiya, ka ga ruwa yana zubowa daga kan dutse a ƙasar da ake auna shi da moɗa. Dutsen Bagzan ya haura mita 2,000, amma a bisansa akwai ƙauyuka da garake, jakai ke kai musu kaya. Wajen Iferuwan kuma akwai gandun dajin Abzin da Tenere da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1991. In kana da rabo ka hango ragon dutse da asuba, ko barewa. Zanen raƙuman dawa da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin duwatsu, kallo ake yi, kada ka kankara sunanka a kai. Ka ɗauki bargo, sanyin can ba irin na Birni ba ne.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Na san halinka, ba ka iya tafiya cikin ayari. Sai ka ga wani tsauni ka ce bari ka leƙa ka dawo. A can babu "bari in leƙa". Kwazazzaban duk kamarsu ɗaya, waya ba ta kamawa, ƙishirwa kuma hankali take fara ɗauke wa mutum kafin ƙafa. A 2013 mutum 92 aka tsinci gawarsu arewa da Arlit bayan motocinsu sun lalace, yawancinsu mata da yara daga nan Kance. Rijiya suka tafi nema.

Saboda haka Buzun da zai yi muku jagora, shi ne ubanka har ka dawo. In ya ce a tsaya, ka tsaya. In mota ta mutu, ka zauna a inuwarta. Jarkarka ta ruwa a jikinka, ba a bayan Toyota ba. Kada ka nuna masa boko, taswirar wayarka ba ta san rijiyar da ta ƙafe bana ba.

Har yau kana riƙe da ni kan dukan da na yi maka ranar da ka ɓace mana a Kasuwar Dole. Riƙe. Da ka ga uwarka a yinin nan, da ba ka tambaye ni dalili ba.

Kuɗin guzuri suna wurin yayarka, na ƙara kaɗan. Ka kira in kun isa Tanut, ka sake kira daga Agadas. Kuma ka zo gida ka yi wa uwarka sallama da bakinka, don ni ba zan faɗa mata ba.

Allah ya tsare, ya kai ku lafiya.

Babanka