Wasiƙar Kwalejin Koyon Aikin Likita Zuwa ga Iyaye da Waliyyai: Aikin Kwana a Asibiti da Sauye-sauyen Zango Mai Zuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu da waliyyan ɗalibai, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kaka ta yi albarka, abin da ya sa na gaggauta wannan wasiƙa tun ba a dawo hutu ba shi ne maganar aikin kwana, wadda ta hana ofishina sakat tun ranar da aka liƙa sanarwa a allo. Daga zango mai zuwa, duk ɗalibin da ya ci babbar jarrabawar aji uku zai kwashe kayansa ya koma sabon masaukin da aka gina a cikin katangar asibitin koyarwa. A can zai zauna har ya kammala aji shida, kuma sunansa zai shiga jerin masu kwana a bakin aiki, namiji ne ko mace.

Iyaye da dama sun tako har wurina suna roƙon a ɗauke wa 'ya'yansu mata wannan aiki, wasu mazajen da ke auren ɗalibanmu ma sun rubuto. Na saurari kowa, kuma ban ga laifin uban da ke kishin 'yarsa ba, domin ni ma uba ne. Sai dai naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Matar da ta kwana biyu tana fama a ƙauye, sau da yawa sai bayan isha'i ake isowa da ita, wata da jijjiga, wata jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, haka ma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini da wanda aka ɗauko daga haɗarin mota. Ɗalibar da ke tafiya gida da la'asar za ta iya haddace littafi kaf, amma ba ta taɓa tsayawa a kan irin wannan majinyaci ba. Ga shi kuma bayan ta kammala, shekara guda ce kawai za ta yi tana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, daga nan sai hidimar ƙasa, inda mai yiwuwa ita kaɗai ce likita a asibitin. Ku ne kuke cewa likita mace kuke so ta duba iyalinku, kuma kuna da gaskiya. To, 'ya'yan nan naku su ne likitocin da kuke nema.

Saboda haka babu wanda za a ɗauke wa aikin kwana. Kowane ɗalibi yana da littafin shaidar aiki, inda likitan da ya tsaya a kansa zai sa hannu a kan kowace haihuwa da ya karɓa da kowane ɗinki da ya yi, kuma wanda littafinsa bai cika ba ba zai zauna jarrabawa ba. Ina roƙo da girmamawa a daina turo mini manyan gari su sa baki, domin ana jefa su cikin kunya ne kawai.

Ga abin da muka tanada don hankalinku ya kwanta. Ɓangaren mata yana da ƙofarsa dabam da uwar masauki mai kwana a ciki, an sa fitilun sola tun daga masaukin har ɗakin haihuwa, kuma ba za a bar ɗalibi shi kaɗai a ɗakin majinyata ba tare da likita da ma'aikatan jinya ba. Masu goyo an ware musu ɗaki. A nan dole in yaba wa shugabar sashen mata da haihuwa, wadda ta ba da hutunta gaba ɗaya ta tsara jerin kwanan yadda ba wanda zai kwana biyu a jere, ita da babbar jami'ar jinya da ke riƙe yaran nan kamar ita ta haife su. Allah Ya saka musu da alheri. Da sauran sassa za su miƙo nasu jadawalin a kan lokaci kamar yadda ta yi, da wannan wasiƙa ta fito tun makon jiya.

Akwai abin da ya ɓata mini rai a zangon da ya wuce. An riƙa zuwa ana ɗauke ɗalibai mako guda cur saboda biki ko suna. Rasuwa da rashin lafiya uzuri ne da muke karɓa, amma ƙa'idar halartar kashi 75 cikin 100 tana nan daram, kuma ba za ta lanƙwasa don kamun amarya ba. Haka nan a daina sa su rubuta wa 'yan uwa magani idan sun zo hutu. Har sai majalisar MDCN mai kula da likitoci ta yi wa mutum rajista, ba shi da izinin yin haka, kuma kuskure ɗaya ya isa ya rusa wahalar shekara shida.

Game da zaman ƙauye na darasin lafiyar al'umma, za a rarraba ɗalibai a asibitocin da ke masarautun Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru. Ba mu manta da ɗaliban da aka sace a Birnin Yauri a 2021 ba, don haka ba za a tura kowa wani gari ba sai da shawarar jami'an tsaro da ta sarakuna, kuma babu tafiyar dare ko da wane dalili.

Manhaja ma ta sauya. Tsarin da hukumar jami'o'i ta NUC ta fitar a watan Disamba na 2022 ya tsayar da kashi 70 cikin 100 na darussa ga kowa, ya bar wa kowace jami'a kashi 30. Namu kason mun ba da shi ga cututtukan da ke damun mutanenmu: sanƙarau na lokacin zafi, tsargiya a garuruwan bakin kogi, yoyon fitsari, tamowa, sikila, da gubar dalma irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010. Za kuma a koya musu jin bayanin majinyaci da Hausa tsantsa, tare da 'yan kalmomin Fulatanci da Zabarmanci da Dakarkanci, tunda tsohuwar da ta zo daga ruga ba da Turanci za ta faɗi inda ke mata ciwo ba.

Sabon ɗakin koyon aikin hannu ya kammala, inda za su fara gwada sa ƙarin ruwa da karɓar haihuwa a jikin mutum-mutumi kafin su taɓa ɗan Adam. Yana cikin abubuwan da tawagar MDCN za ta duba, kuma ita ce ke yanke adadin ɗaliban da aka yarda mu ɗauka. An gyara rijiyar burtsatse, ɗakin karatu kuma zai riƙa kaiwa ƙarfe goma na dare.

Kada ɗalibi ya dawo ba tare da katin rigakafin ciwon hanta nau'in B ba. Allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko, kuma wanda bai fara ba ba zai shiga ɗakin majinyata ba. A haɗo su da farar riga biyu da rufaffen takalmi da abin sauraren ƙirji. Kuɗin masauki ta banki kawai ake biya, kada a danƙa wa kowa a hannu.

Ranar Asabar ta farko bayan dawowa hutu, da ƙarfe goma na safe, za mu buɗe masaukin domin ku zagaya ku gani da idonku. Ina so iyaye mata musamman su zo.

Wassalam,
Shugaban Kwalejin Koyon Aikin Likita