Zuwa ga Alhajin da ya tambayi jama'a ina na kai kalmar sirrinsa

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Asabar, a taron masu cinikin Forex, wato saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashe ta intanet, da aka yi a nan Kano, ka jira sai da na fita sallar La'asar sannan ka karɓi abin magana ka jefo tambaya biyu da sunana. Ta farko, me ya sa tsarin da na haɗa maka domin manhajar ciniki ta MetaTrader 5 ta riƙa shiga asusunka da kanta ya kwanta ranar Laraba har ka tafka asara. Ta biyu, wa ya sani ma ko ajiye kalmomin sirrin mutane nake yi ina shiga asusunsu cikin dare. An ce har tafi aka yi maka. Lambata tana wayarka, shagona kuma ka san ƙofarsa, amma tunda a bainar jama'a ka zaɓa, to a nan zan ba ka amsa.

Da ta biyun zan fara, don ita ce ta hana ni barci.

Ranka ya daɗe, ka tuna ranar da muka yi aikin. Kana zaune a kujerata, ni ina tsaye. Da aka zo wurin sa kalmar sirri na tura maka allon rubutun, na juya na fuskanci bango kamar ɗan makarantar da aka ba horo, har yaron shagona ya yi dariya. Kai ka rubuta ta da hannunka, kai ka danna ɗan akwatin da ke sa manhajar ta riƙe ta. Akwai wata hanyar da ta fi wannan sauƙi, ita ce a rubuta lambar asusu da sunan sabar dillali (wato babbar kwamfutar kamfanin da asusun yake hannunsa) da kalmar sirri a cikin ƙaramin fayil, a umarci manhajar ta karanta shi duk lokacin da ta tashi. Na ƙi bin ta, na kuma gaya maka dalili: a wannan fayil kalmar sirri tsirara take zaune, duk wanda ya buɗe zai karanta ta kamar allon talla. Wanda yake neman sirrinka ai wannan hanyar zai bi, ba wadda zai juya maka baya ba.

Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, wanda ya riƙe babbar kalmar sirrin asusu zai iya buɗe ciniki ya ƙone kuɗin mutum ƙurmus. Cire kuɗi kam ba ta cikin manhajar ciniki muke yi ba, ta shafin dillali ne, da wata kalmar daban wadda ban taɓa gani ba. Amma ɓarna tana yiwuwa, shi ya sa zarginka ba abin wasa ba ne. Abin da ka manta shi ne MetaTrader 5 tana rubuta asalin kowane ciniki: daga kwamfuta aka buɗe shi, ko daga waya, ko daga shafin intanet, ko robot ne ya buɗe, wato manhajar da ke yi wa mutum ciniki da kanta. Cinikin zinaren da ya cinye ka, tarihin asusunka ya nuna daga waya aka buɗe shi, ƙarfe 2 da 'yan mintuna na dare. Ni ban san wanda yake riƙe da wayarka a wannan lokaci ba, Alhaji. Ina kyautata zaton kai ne.

Yanzu ga abin da ya faru ranar Laraba, tunda ka ce wa jama'a aikina ne ya lalace.

Kwamfutar hayar da robot ɗinka yake zaune a kai, wadda ake shiga ta intanet daga nesa, Windows ce. Microsoft tana sakin gyare-gyarenta a Talata ta biyu ta kowane wata, kuma sau da yawa sai kwamfuta ta mutu ta sake tashi kafin gyaran ya zauna. Domin irin wannan daren ne ma ka kira ni tun farko. In kwamfutar ta tashi, sai ta fara wuce ƙofar Windows ba tare da an rubuta komai ba, wanda na yi da wata 'yar manhaja ta Microsoft mai suna Autologon. Daga nan manhajar cinikin ta buɗe da kanta. Sannan ta ƙwanƙwasa ƙofar sabar dillali ta miƙa lambar asusu da kalmar sirri. Biyun farko nawa ne, kuma sun yi aiki. Kundin da manhajar take rubuta duk motsinta ya nuna ta tashi ƙarfe 3:14 na dare, ta nemi shiga, aka mayar mata da amsa cewa bayanan asusun ba daidai ba ne. Duk wanda ya daɗe a wannan harka ya san ma'anar wannan layin: ko lambar asusu, ko sunan saba, ko kalmar sirri, ɗaya ya sauya. Lamba ba ta sauya ba, saba ba ta sauya ba.

Ranar Litinin ka canza kalmar sirri daga wayarka. Haƙƙinka ne, har ma ina yaba maka. Sai dai kwamfutar da ke can wata ƙasa ba ta duba, tsohuwar kalmar take riƙe da ita, ita kuma ta miƙa. Ka canza kwaɗon ɗaki ka bar maigadi da tsohon mabuɗi, da safe ka tara unguwa kana cewa maigadi bai san aikinsa ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Abin bai tsaya nan ba. Da gari ya waye ka shiga gyara da kanka, kuma a nan ne na ga abin da ya ba ni tausayi da dariya a lokaci guda. Kowane asusu kalmar sirri biyu gare shi, babbar da ake ciniki da ita, da ta kallo wadda ake ba mai son ganin yadda asusu yake tafiya ba tare da ya taɓa komai ba. Ta kallon ka sa. Manhaja ta shiga lafiya lau, farashi yana motsi, kuɗinka ga su a rubuce, sai ka rufe ka tafi kasuwa hankali kwance. Robot kuwa ya wuni kamar wanda aka ɗaure wa hannu a gaban tuwo. Kundin ya faɗa ƙarara cewa an kashe ciniki domin asusun yana yanayin kallo. Layi ɗaya ne, da ka karanta shi da ba mu kai ga taron Asabar ba.

Ka kuma ce wani yaro a Legas yana yin wannan aiki cikin minti goma. Allah ya yi masa albarka, ka ba shi.

Maganar asarar kuwa, na faɗa maka tun ranar farko, kuma yaron shagona shaida ne: iyakar asara da aka sa wa ciniki a sabar dillali take zaune, ko kwamfuta ta mutu za ta yi aikinta. Irin iyakar da take bin farashi tana matsawa ce kaɗai take buƙatar manhaja a buɗe. Cinikinka na dare ba shi da ko ɗaya. Ka buɗe shi tsirara kana sa ran robot zai zo ya rufa masa asiri, alhali ba shi ya haife shi ba.

Ban so na taɓo wannan ba, amma ka tilasta ni. Mutum nawa ne a ɗakin taron nan suka biya ka kuɗin aji, suka kuma sayi wannan robot ɗin ta hannunka? Makon da ya wuce bai yi musu daɗi ba, kowa ya sani. Ana bukatar wanda za a nuna da yatsa, kuma mai gyaran kwamfuta da ya fita salla ya fi sauƙin nunawa a kan malamin da ke riƙe da abin magana. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Abin da ke damuna ya wuce kai kaɗai. Mutanenmu sun ɗauki duk abin da aka ce yana aiki da kansa a matsayin injin buga kuɗi da mutum zai kunna ya ja bargo. Wannan kwaɗayin ne ya kai jama'a tsarin zuba kuɗi na bogi na MMM har ta rufe da kuɗinsu a Disambar 2016, shi ne ya sake kai su irinta mai suna CBEX a 2025. Ba ina cewa cinikinka irin nasu ba ne. Ina cewa tunanin iri ɗaya ne: a samu ba tare da an duba ba. Mutum zai zuba miliyoyi a asusu, amma minti biyu na buɗe kundi da safe ya ga ko manhaja ta shiga ya fi ƙarfinsa. Zai shiga kwamfutar haya, maimakon ya rufe tagar kawai ya bar komai yana gudana, sai ya danna fita daga Windows gaba ɗaya, duk manhajojin su mutu, sannan ya kira ni ƙarfe 11 na daren Lahadi lokacin da kasuwa ta buɗe yana cewa na cuce shi. In aiki ya yi kyau, basirar Alhaji ce. In ya ɓaci, yaron nan ne mai kwamfuta. Abin da ka biya ni a kan aikin nan, wallahi bai kai kuɗin man zuwa Zariya da dawowa ba, ga shi har da mutuncina aka haɗa a cikin cinikin.

Shekara tara ina wannan sana'a a layi ɗaya, 'yan canji da masu shaguna suna ba ni kwamfutocinsu da duk abin da ke ciki, ba a taɓa kai ni gaban mai unguwa ba balle ofishin 'yan sanda. Ba zan bari a rushe wannan da tafi ba.

Ga abin da nake nema. A taro na gaba ka zo da wayarka, ni zan zo da kwamfuta, a haska kundin ranar Laraba da tarihin cinikin a bango kowa ya karanta. Ka zaɓi duk wanda ka yarda da shi ya fassara wa jama'a. In aka ga ciniki ɗaya da ya fito daga hannuna, zan biya ka asararka a gaban mutanen da suka yi maka tafi. In ba a gani ba, abin maganar da ka riƙe ranar Asabar yana nan, ka san abin da ya kamata ka faɗa da shi.

Kafin nan, kwamfutarka har yanzu da kalmar kallo take shiga. Ka sa babbar, ka tabbata maɓallin da ke ba robot izinin ciniki ya koma kore. Wannan kyauta na ba ka.

Wassalam,
ƙaninka mai gyaran kwamfuta.