Zuwa ga Babana, Kan Maganar Tumbin Nan

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Ƙanwarka ta nuna mini hoton takardar awon da ka tura mata, tunda ni ka ga dama ka ɓoye mini. Suga 112 kafin karin kumallo, kuma ka rubuta mata wai likita ya ce ba ciwon suga ba ne. Gaskiya ya faɗa maka, sai ya kai 126, an kuma sake awon ya tabbata, sannan ake kiran sa ciwon suga. Amma wanda ke tsakanin 100 da 125 yana bakin ƙofa ne, takalmi kawai ya rage ya cire. Sai dai ni ba sugan ne ya hana ni barci ba, tumbinka ne.

Da ka zo babbar sallah kowa sai tsokanarka yake yi, wai Alhaji ya samu wuri, hutu ya karɓe shi. Ni ma na yi dariya. Amma ina kallon ka lokacin da ka sunkuya za ka ɗaure igiyar takalmin ɗanka, ka ɗago kana haki. Hannuwanka da ƙafafunka suna nan yadda na san su, sirara, cikin ne kaɗai ya yi gaba. Haka mahaifinka yake, Allah ya jiƙansa.

Ka sha zama kusa da ni ranar layya ina gyaran kayan ciki. Akwai kitsen da ke ƙarƙashin fatar rago, akwai kuma wanda ke lulluɓe da hanji kamar raga, da wanda ya dunƙule ya rufe ƙoda har sai an ɓare shi. Mutum ma haka yake. Kitsen cinya da na ɗuwawu da sauƙi, yawanci ajiya ne kawai. Na cikin ciki kuwa ba ya zama shiru. Abin da yake saki jini na kai shi hanta kai tsaye, jiki ya fara ƙin jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka. Sai jiki ya ƙara yawan insulin ɗin don ya ci ƙarfin sugan, shi kuma yawansa yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, gishiri ya riƙe ruwa, jini ya hau. Ka ga ashe sugan da hawan jinin uwarsu ɗaya. Shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin maza, da wuya in ga ɗaya bai jawo ɗan'uwansa ba.

Mahaifinka bai taɓa cewa kansa na ciwo ba. Ranar da shanyewar ɓarin jiki ta same shi alwalar asuba yake yi, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya buɗe baki zai kira ni maganar ta ƙi fita. Ni da nake auna jinin mutanen gari, nawa na gida sai ya ce lafiyarsa ƙalau, ni kuma in ƙyale shi. Wannan sakacin har yau yana ci mini rai, shi ya sa kai ba zan ƙyale ka ba.

Kada ka ce mini sikeli ya nuna nauyinka bai wuce misali ba, sikeli bai san inda kitsen ya taru ba. Ka samo zare ka auna tsawonka daga kai zuwa diddige, ka ninka shi biyu, ka zagaya cikinka da shi daidai wajen cibiya, ba can ƙasa inda kake ɗaura wando ba. Kada kuma ka shanye ciki, na san halinka. In bakin zaren bai haɗu ba, cikin ya wuce rabin tsawonka, to akwai aiki. In tef ɗin tela ka samu, namiji ana so ya tsaya ƙasa da santimita 94, mace ƙasa da 80.

Ka sayi na'urar awon jini, irin wadda ake ɗaurawa a damtse. Ka zauna minti 5 tukuna, ka auna safe da dare har mako guda, kana rubutawa. In kana yawan ganin ya kusa 140 bisa 90 ko ya wuce, ka koma wa likitanka da takardar, ba mai kemis na bakin layi ba.

Ba na ce ka bar tuwo ba. Lemon kwalbar nan da kake kora abinci da shi, da shayi mai cokali uku na suga, da tsiren ƙarfe goma na dare, su za ka fara sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi da yajin tsire duk a ciki ake lissafa su. Ka faɗa wa maiɗakinka da lalama ta ƙara daddawa ta rage magi, kada ka ce ni na ce. Wake da zogale da rama kuwa ka ci ka ƙoshi.

A Amurka an yi wani babban bincike kan masu irin matsayinka, aka fitar da shi a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, suna motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58, har sun fi masu shan ƙwayar metformin, wani maganin rage suga a jini. Minti 150 ai rabin awa ne sau biyar. Masallacin da kake shiga mota ka je, ka taka da ƙafa, ka dawo ta doguwar hanya.

In ka auna da zaren ka kira ni da kanka, ba ta bakin ƙanwarka ba. Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka shafa kan yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka