Suna kirana 'yar gida, amma aikin ya fara fin ƙarfina

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ni budurwa ce mai shekara 23, yau wata biyar ke nan ina zaune a wani ƙaramin gari kusa da Hambug a ƙasar Jamus, a tsarin da ake kira au pair. Iyali ne suke ɗauko matashiya daga wata ƙasa ta zauna a gidansu tana taya su kula da yara, su kuma su ba ta ɗaki da abinci da kuɗin kashewa, tana koyon harshensu. Sai da na ci jarrabawar Jamusanci matakin A1, wato matakin farko, kafin aka ba ni biza, kuma zaman ba ya wuce wata 12.

Yarjejeniyar da muka sa wa hannu ba ta da wani ɓoye-ɓoye. Aiki awa 30 a mako, kada ya wuce awa 6 a rana. Kuɗin kashewa yuro 280 a wata, sannan su ƙara yuro 70 na makarantar koyon harshe, inshorar lafiya ma a kansu take. Tsakani da Allah, ta fannin kuɗi ba su taɓa saɓa min ba.

Lokacina ne ya zama ba nawa ba. Matar gidan ma'aikaciyar jinya ce, tun da aka mayar da ita aikin dare komai ya canja. Maigidan kuma yawan tafiye-tafiye gare shi. Da farko roƙona take yi: "Don Allah yau kaɗai." Yanzu ba a ma tambaya, sai dai in shiga ɗakina in tarar an ajiye min na'urar sauraron kukan jariri a kan teburina. Yaron watansa goma, yana haƙori, yakan tashi sau biyu ko uku. In goya shi ina zagaya falo cikin duhu har ya koma barci, ƙarfe bakwai kuma in shirya yayarsa mai shekara huɗu in kai ta makarantar rainon yara cikin sanyin da ke ratsa ƙashi. Na fara rubuta awannin a bayan littafina na darasi. Makon jiya 47 na ƙirga.

Abin da ya fi ci min rai shi ne karatuna. Ranakun Talata da Alhamis da yamma nake zuwa aji, a watan nan sau huɗu na rasa. Burina in kai matakin B1, wato matsakaicin mataki na Jamusanci, kafin bizata ta ƙare, don in nemi gurbin koyon aikin jinya na shekara uku. Saura wata bakwai, kuma wata bakwai ba komai ba ne ga mai koyon harshe mai wuya irin wannan.

Anti, kada ki ɗauka mugayen mutane ne. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, matar da kanta ta kai ni wajen likita, ta dawo ta haɗa min shayi ta zauna a bakin gadona. Yarinyar kuwa ba ta barci sai na karanta mata labari, tana gyara min furuci tana dariya. In baƙi sun zo, cewa suke yi "ga babbar 'yarmu". To wannan kalmar ce take ɗaure min baki. Ta yaya 'ya za ta fito wa uwarta da lissafin awanni? Sau biyu ina haɗa maganar a raina, in na ga idanunta sun yi ja saboda rashin barci sai in haɗiye.

Wata 'yar ajinmu, ita ma au pair, ta ce in ba da sanarwar mako biyu kamar yadda yarjejeniya ta tanada, in nemi wani gidan. Amma izinin zamana a kan wannan aikin aka ba ni, sai na koma ofishin kula da baƙi, kuma ina tsoron in saki reshe in kama ganye. Iyayena ban faɗa musu ba, na san haƙuri za su ba ni, hankalinsu kuma ya tashi a banza.

Shawararki nake nema. In nuna wa matar gidan littafin nan da na rubuta awannin, ko hakan zai zama cin fuska? In tare su su biyu ne, ko in fara da ita ita kaɗai? Ko kuwa in fara kiran kamfanin da ya haɗa mu, duk da ina jin kamar kai ƙararsu ne a bayan idonsu? In kuma na yi magana abin ya gyaru na mako ɗaya ya koma gidan jiya, a wane lokaci ne tafiya ta zama dole? Ba na son in bar yaran nan, jarrabawata ta B1 kuma tana ƙaratowa.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ƙanwarki,
daga Jamus