Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sir Russell Coutts, shugaban gasar tseren jiragen ruwa ta SailGP: wai ina Japan ta shiga?

Yallaɓai, ina gaisuwa, ya aiki ya iyali. Na san da wuya wannan takarda ta iso teburinka, in ma ta iso sai an nemo maka tafinta, amma dai zan rubuta tunda abun ya daɗe yana cina kuma a majalisarmu babu wanda zan yi wa wannan ƙorafin ya saurare ni, su in ba maganar Madrid da Barsa ba ce to ka yi shiru kawai.

Ni ɗan bakin kogi ne, a gefen Neja na tashi, kawuna kwale-kwale gare shi kuma tun ina yaro na san nauyin filafili a hannu da yadda ruwa ke riƙe jirgi kamar bashi. Shi ya sa ranar da na fara cin karo da bidiyon jiragenku a YouTube na ɗauka haɗi ne aka yi da kwamfuta. Jirgi mai tsawon ƙafa 50, kamar kwale-kwale biyu aka jera aka ɗaure, ba inji ba fetur, iska ce kawai ke tura wani dogon fiffike da ke tsaye a tsakiya, sai kawai ka ga gangar jikin ta ɗaga sama gaba ɗaya ta bar ruwan, wasu siraran ƙafafu kamar wuƙaƙe su kaɗai ke cikin ruwa, yana gudun da ya kusa kilomita 100 a awa. Na nuna wa kawu a waya, ya kalla ya sake kalla ya ce wannan ai ba jirgi ba ne, balbela ce. Daga ranar na zama ɗan kallo, datata da yawa a kanku ta ƙare.

Kuma kafin in fara ƙorafi bari in ba ka haƙƙinka. Ka ci zinare a Olamfik ta 1984 a Los Angeles, ka ci Kofin Amurka, tsohuwar gasar tseren jiragen ruwa, a 1995 da 2000 da ƙasarka Niyuzilan, ka sake ci a 2003 da Alinghi ta attajirin Siwizalan Ernesto Bertarelli har mutanen garinku suka riƙa kiranka maci amana, sannan ka koma wajen Larry Ellison mai kamfanin Oracle kuka ɗauka a 2010 kuka kare a 2013. Wato dai kaf duniya babu wanda ya fi ka sanin yadda ake zama da mai kuɗi a harkar jirgin ruwa. Kuma ka san ciwon wancan kofin, wanda tun 1851 ake yinsa: wanda ya fi zuba kuɗi wajen ƙera jirgi yawanci shi ke ci, a yi shekara uku huɗu ana jira, wani lokacin ma a kotu ake ƙarewa. To da kai da Ellison kuka kafa SailGP a 2018 bayan kun sha kashi a Bermuda a 2017, kuka ce kowa jirgi iri ɗaya za a ba shi, F50, babu mai ƙara ko ƙusa, kuma duk bayanan da na'urorin jirgi ke tattarawa kowace ƙungiya na iya buɗe na abokiyar karawarta ta duba. Wallahi wannan ya burge ni. A kan ruwa dai kuɗinka ba zai siya maka gudu ba, sai hannunka da idonka da yadda ka karanta iska.

To matsalar a bakin ƙofa take, kafin a hau ruwan.

Bari in tuna maka wani dare. Watan Maris na 2022, fainal ɗin kaka ta biyu a San Faransisko, a wajenmu wajen ƙarfe sha ɗaya na dare ne. Ina zaune a bencin mai shayi saboda shi ke da janareta, waya na jone a caji igiyar gajera ce dole na duƙa kamar mai ruku'u, shayina ya huce ban sani ba. Jirgi uku ne a fainal, Ostireliya, Japan da Amurka, tsere ɗaya tak, wanda ya ci ya kwashe dala miliyan ɗaya, sauran su tafi gida da gajiya. Har sai da aka tsayar da tseren aka sake farawa saboda wani ƙaton kifin teku ya shigo fili, mai shayi ya leƙo ya ce ko kifin ma ya ji labarin kuɗin ne. Ni Japan nake goyon baya saboda direbansu Nathan Outteridge (ku ma ai direba kuke ce wa mai riƙe da sitiyari), mutum ne mai natsuwa, ba ya hayaniya. Tom Slingsby na Ostireliya ya ci, Japan ta zo ta biyu. Haka ma aka yi a Marseille a 2019, Slingsby na ɗaya Japan ta biyu. Na ce ba komai, baɗi sai mu.

Baɗin da ba ta zo ba kenan. Da kaka ta uku ta kama sai aka ce wai jirage ba su isa ba, Japan ta ɗan jira za ta shigo daga baya, Kanada da Siwizalan da suka zo da masu kuɗinsu suka hau ruwa. Daga a ɗan jira sai aka koma an dakatar har sai baba ta gani. Ƙungiyar da ta je fainal sau biyu a jere, aka ajiye ta a gefe ba don an doke ta ba, don dai babu wani hamshaƙi da ya tsaya mata. Kuma ba ita ce ta farko ba, Sin ta zo ta uku a kakar 2019, kafin kaka ta biyu babu ita, aka miƙa jirgin ga Sifaniya. Yallaɓai ka duba fa, a cikin ƙasashe shida da kuka fara da su, waɗannan biyun ne kuka sassauta wa dokar cewa sai 'yan ƙasa ne za su cika jirgi, kuka ce ƙasashe ne masu tasowa a wannan wasa, a bar su su ɗauko ƙwararru daga waje suna koya wa nasu a hankali. Ƙofar da kuka buɗe wa masu koyo kenan, kuma duk wanda ya shiga ta nan yau ba ya cikin gidan. Yaran Japan da suka yi shekaru suna murza hannun injin jan igiya a kan jirgin nan har suka iya, ina suka nufa?

Na san amsarka, ba sai ka faɗa ba. Za ka ce Ellison bai yi alƙawarin ciyar da gasa har abada ba, shekara biyar ya ɗauka, bayan nan dole kowace ƙungiya ta samu mai ita ta tsaya da ƙafarta. Kuma na yarda akwai hankali a ciki, zanen aro ba ya rufe katara. Ellison ɗin nan an haife shi a 1944, ya haura tamanin, in yau ya ce ya gaji ko magada suka ce ba su da sha'awar ruwa, gasar da ke tsaye a kan aljihu ɗaya ta rushe kenan. Kai ma ka taɓa gani da idonka. A 2007 kai da Paul Cayard kun sanar da wata gasa mai suna World Sailing League, da kuɗin wani ɗan kasuwar Fotugal João Lagos (ba Legas tamu ba, sunan mutum ne), aka yi taron 'yan jarida aka ambaci kyautar dala miliyan biyu, har yau ba a yi tsere ko ɗaya ba. Wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu, na fahimta.

Amma dubi abun da neman masu kuɗin ya mayar da gasar. A ƙarshen 2023 wasu masu zuba jari suka sayi ƙungiyar Amurka, cikinsu har da 'yar fim Issa Rae da ɗan dambe Deontay Wilder, suna zuwa suka sallami Jimmy Spithill, mutumin da ya ci muku Kofin Amurka sau biyu, wanda ya dawo daga 8 da 1 ya ci 9 da 8 a 2013, daga nan ƙungiyar ta gangara can ƙasan tebur kuma babu wanda ya ce za a karɓe mata jirgi, ai an biya. Sebastian Vettel na tseren mota yana da kaso a ta Jamus. Hugh Jackman da Ryan Reynolds, shi wancan mai kulob ɗin Wrexham, sun shiga ta Ostireliya a 2025. Kuɗin Mubadala na Abu Dabi ne ke bayan ta Burazil, kodayake nan kam na ji daɗi don su suka fara ba mace sitiyari, Martine Grael mai zinare biyu a Olamfik. Ranar da aka ce Mbappé ya sa kuɗi a ta Faransa kuwa, ranar ce kaɗai 'yan majalisarmu suka karɓi wayata suka kalli jirgin na minti biyu, ɗaya ya tambaye ni wai a wane gefe Mbappé ɗin yake zaune.

Abun da ya fi ba ni haushi shi ne na 2024. Ana tsakiyar kaka aka fara maganar cewa cikin ƙungiyoyin da gasar ke ciyarwa da kanta za a iya ajiye ɗaya in ba ta samu mai siya ba, kuma har da Sifaniya a cikin waɗanda ake lissafawa. Yaran nan suka je San Faransisko a watan Yuli da wuƙa a wuya, direbansu Diego Botín ya doke Slingsby da Peter Burling na Niyuzilan a fainal ya ɗauki dala miliyan biyu. Alhamdulillahi a ƙarshe ba a kori kowa ba, amma ka yi tunani mana, a wace gasa ce a duniya wanda zai ɗaga kofi bai san ko yana da wurin zama baɗi ba, wanda ke na ƙarshe kuma yana barci da minshari? A ƙwallo ma da muke zagin kuɗin Larabawa da na Amurkawa, in ka ƙare a ukun ƙarshe a Firimiya sai ka faɗa ko waye ubangidanka.

Kyautar kanta ina da magana a kai, amma gajera. Dala miliyan biyu a tsere ɗaya na 'yan mintuna, bayan an yi shekara ana tara maki, wannan don talabijin aka yi shi kuma yana aiki, ni ma zuciyata bugawa take. Niyuzilan ta Burling ta fi kowa maki a kakar da Sifaniya ta ci, iska ta juya musu baya na minti goma shikenan. Ban ce a soke ba. Sai dai kuɗin da ke sa mutum ya buɗe baki a wannan harka yanzu ba shi ne na kyautar ba, kuɗin siyan ƙungiya ne, wanda ya ninka kyautar sau da yawa, kuma a nan nake so ka sa hannu.

Roƙona ba mai yawa ba ne ranka ya daɗe. Ka rubuta a doka, baƙi da fari, cewa ƙungiyar da ta kai fainal ba a karɓe mata jirgi a kaka mai zuwa ko da ba ta da kowa. Sannan duk sanda aka sayar da sabuwar ƙungiya wa wani tauraro, a yanki wani abu a ajiye, a tara, a riƙe jirgi ɗaya tak wanda ba na siyarwa ba ne, wanda sai an yi tseren share fage a ƙananan jirage kafin a hau shi, ƙasar da ta ci ta riƙe shi shekara biyu ko uku. Jirgi ɗaya cikin duk jiragen nan. Ku ne ke ƙera jiragen a masana'antarku, ba wajen wani za ku je roƙo ba. Kuna da wani teburin maki na daban da kuke kira Impact League, inda ake auna wa ya fi rage ƙazanta da hayaƙi, to in ana iya ba da maki don an rage robar ruwa ai ana iya ware kujera ɗaya don wanda ya iya tuƙi amma bai san attajiri ba.

Kuma eh, ba zan ɓoye ba, Afirka nake hange. Har zuwa kakar 2025 da Birtaniya ta ɗauka a Abu Dabi babu ƙungiyar Afirka ko ɗaya, ba a taɓa kawo tsere nahiyar ba, alhali kun je Dubai kun je Sydney kun je Jeniba da ko teku babu sai tafki. Ba wai babu matuƙa ba ne. Kai shaida ne Afirka ta Kudu ta kai jirginta Shosholoza har Valencia a gasar share fagen Kofin Amurka ta 2007 kuma ba su ji kunya ba, iskar Cape Town kuwa duk matuƙin duniya ya san ta. Angola, Mozambik, Masar, Tunisiya duk sun tura 'yan tseren jirgi Olamfik da ɗan abun da suke da shi. Ban ce a ba su a kyauta ba, a ba su hanyar da ba sai sun nemo ɗan fim ba. Mai yiwuwa ma Japan ɗin ce za ta ci share fagen, ko Ajantina, ba zan yi fushi ba.

Kai kanka ai ba a jirgin Ellison ka fara ba, a ɗan ƙaramin P-class ka koya, irin wanda yaran Niyuzilan ke kifewa da shi suna tashi, tsawonsa bai kai rabin kwale-kwalen kawu ba. Kawun ma ya ce in gaishe ka, kuma yana tambaya wai in balbelar nan ta ci karo da kututture a ƙarƙashin ruwa wa ke biyan kuɗin gyara.

Naka,
wani ɗan kallo daga bakin Neja.