Dokar FIBA muke bi a Gombe, ba ta NBA ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu kallon ƙwallon kwando a nan Gombe. Na daɗe ina busa usur a wasannin makarantun sakandare, amma ban taɓa shan ihu irin na Asabar ɗin da ta wuce ba.

Saura kaɗan a tashi, maki ɗaya ne tsakani. Wani yaro ya jefa, ƙwallo ta bugi zoben ƙarfe ta yi sama, sai wani dogo cikin masu tsare gida ya daka tsalle ya make ta gefe. Ban busa ba. Nan take fili ya kaure, wai an saye alƙali. Abin da ya fi ci min rai shi ne yaron da ya yi jifar, wanda ya zo yana hawaye yana cewa, "Malam, ai tana saman kwando!"

Na san inda ya samo wannan. Yaranmu NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, suke kallo a waya cikin dare, kuma a can Amurka haramun ne a taɓa ƙwallo muddin tana saitin saman zobe. Mu kuwa a Najeriya, hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, dokokin FIBA take bi, wato hukumar ƙwallon kwando ta duniya. A doka ta 31 ta FIBA, da zarar ƙwallo ta taɓa zobe, kowa na da damar kaɗe ta ko tura ta ciki, in dai ba an riga an busa usur ko lokaci ya ƙare ba. Abin da aka hana daban ne: taɓa ta tana gangarowa daga sama kafin ta kai zobe, zura hannu ta ƙasan raga a taɓo ta, taɓa zobe ko allo tana kan zobe, ko girgiza kwando har ta fasa shiga. In mai tsaro ne ya yi, a ba masu jifa makinsu, 2 ko 3. In abokin mai jifa ne, makin bai ci ba.

Duk wannan cikin ƙiftawar ido alƙali zai raba shi, yana ƙasa, zobe na can mita 3.05 a sama. A filin da muka yi wasan ma zoben ya karkace, ragar ta yage.

Roƙona ga masu kula da wasan a jiha, a fassara wannan doka da Hausa a takarda ɗaya, a raba wa malaman wasanni, a riƙa karanta wa yara kafin kowace gasa. Garin da ya fitar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Gombe Bulls ba zai rasa mai yin wannan ba. In an nemi mai taimakawa, ga ni.

Wani alƙalin wasa,
Pantami, Gombe